Takardu Uku, Suna Uku: Neman Asalin Wani Majinyaci a Makera

A zaman karatun da muka yi na ƙarshen damina, wani matashi daga cikin 'yan ƙungiya ya zo mana da wata tsohuwar ambulan a maimakon gajeren labarin da aka sa ran zai karanta. Da ya zazzage ta a kan tebur sai ga takardu guda uku: rasit na haraji wanda ya yi jawur don tsufa, da katin shaidar ma'aikaci na ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri mai ɗauke da hoton wani saurayi siriri, da kuma katin ganin likita na asibitin masu taɓin hankali. Ya ce a cikin adakar kakarsa ya tsince su bayan rasuwarta, a ƙarƙashin zannuwan da ta daina ɗaurawa. Mutumin da ke cikin hoton kakansa ne, wato mahaifin mahaifiyarsa, wanda tun suna yara aka gaya musu ya rasu tana goye. To amma kwanan watan da ke jikin katin asibitin ya nuna cewa mutumin yana raye shekaru bayan lokacin da aka ce an binne shi.

Tambayarsa ita ce, ta ina zai fara? Mun yi shiru, domin duk cikinmu babu mai amsa a hannu, alhali kuwa da yawa daga cikinmu sun sha saka mahaukaci a cikin littattafansu. Mukan ɗauko shi idan labari ya cije, mu ajiye shi a bakin kasuwa ya faɗi wata magana mai hikima, ko kuma mu haukatar da kishiya a babin ƙarshe don ta girbi abin da ta shuka. Ba mu cika tambayar ɗan wane ne shi ba, balle a wace unguwa aka yanka masa ragon suna. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu bi sawun binciken wannan ɗan uwa namu, tare da izininsa, bisa sharaɗin cewa ba za mu ambaci suna ko gari ba.

Abu na farko da ya fara ɗaure masa kai shi ne, takardun nan uku babu biyu da suka yi tarayya a suna. A rasit ɗin haraji an rubuta sunan yanka da sunan uba da sunan ƙauye. A katin masaƙa an rubuta sunan yanka, amma an jingina shi da sunan babban garin da ke kusa da ƙauyen. A katin asibiti kuwa laƙabi ne kawai, sannan a gurbin adireshi aka rubuta kalma ɗaya, Makera. Wanda ya san Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba. Mu ba mu da sunan dangi irin na Turawa wanda ake gada daga kaka zuwa jika. Yaro ya shiga makaranta ko ya kama aikin albashi, sai akawu ya tambaye shi garinsu ya liƙa masa, shi ya sa muka sami Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. A gida kuma alkunya ta hana uwa kiran sunan ɗan fari, sai a koma ga Ɗanladi ko Ɗanjuma. A bariki abokan aiki su raɗa masa Dogo ko Gajere. Ranar da ciwo ya kama shi kuwa, ba shi ne mai ba da sunansa ba, wanda ya riƙo hannunsa ne zai faɗa wa mai rubutu, kuma sunan da ya sani shi zai faɗa.

Saboda haka kalmar nan ta Makera ita ce kaɗai igiyar da ke hannu, kuma sai an san tarihin wurin za a gane abin da ya kawo ɗan ƙauye daga ƙasar auduga har ya zama ba shi da kowa a ranar lalura sai abokin haya.

Kaduna ba tsohon birni ba ce irin Zariya ko Katsina. Gwamna Lugga ne ya zaɓi wurin, aka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan a 1917, a ƙasar da Gwarawa ke noma. Turawa da ofisoshinsu da barikin soja suka zauna a arewacin kogi. Kudancin kogi kuwa jirgin ƙasa ne ya raya shi, domin a nan babbar tashar mahaɗa take, inda layin da ya taso daga Ikko zuwa Kano ya haɗu da na gabas wanda ya biyo ta Kafanchan. Leburorin reluwe da 'yan dako da masu sayar musu da abinci su ne suka fara cika Makera da kewayenta. Daga baya, a 1957, gwamnatin Sardauna tare da haɗin guiwar wani kamfanin saƙa na Ingila ta buɗe masaƙar Kaduna a Kakuri, wadda ita ce babbar masaƙar zamani ta farko a Arewa. Cikin shekarun 1960 wasu suka biyo baya, irin su Nortex da UNTL da Arewa, ga masana'antar makamai ta soja, sannan a 1975 aka buɗe kamfanin haɗa motocin Fijo. Jiniya na busawa sau uku a yini, dubban mutane na fita dubbai na shiga. Makera da Kakuri da Nasarawa da Kurmin Gwari suka zama unguwannin ɗakunan haya, inda Bakatsine da Bajju da Tibi da Igala da Bayarabe ke layi a bakin famfo ɗaya.

Irin wannan zama yana da daɗinsa, amma yana da wani gibi. A ƙauye idan hankalin mutum ya gushe, akwai tsari da kowa ya sani, ko da kuwa tsarin ba mai taushi ba ne. Za a fara da malami, a yi rubutun sha da tofi da hayaƙi. In abin ya ƙi, a asirce a nemi 'yan bori su yi girka, ko a kai wa boka. In mutum yana duka ko yana neman shiga daji, a sa shi a turu a bayan gida, uwarsa ko 'yar uwarsa tana miƙa masa tuwo. Ko mene ne aibin wannan, mutum yana cikin danginsa, kuma kowa ya san ɗan gidan wane ne. A bariki kuwa mai gidan haya ba zai ajiye turu a tsakar gidansa ba. Abin da ya rage shi ne 'yan sanda, ko asibiti, ko titi.

A nan ne ya kamata mai bincike ya san a wane zamani nasa majinyacin ya faɗo, domin zamanin ne zai nuna masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa. A farkon mulkin Turawa babu asibitin ƙwaƙwalwa ko ɗaya a Arewa. A kudu ne aka buɗe gidajen tsare mahaukata, ɗaya a Kalaba, ɗaya kuma a Yaba ta Ikko a 1907, a cikin wani tsohon ginin reluwe. Dokar mahaukata ta 1916 ta tanadi cewa likita ya ba da shaida, majistare ya sa hannu, sai a tsare mutum. Manufarta ita ce kawar da mai tada hankalin jama'a daga kan hanya, ba warkar da shi ba. A Arewa yawanci gidan yari ne ke wannan aiki, ko na gwamnati ko na En'e, inda akan ware wani sashe a zuba su, wanda ya yi laifi da wanda bai yi ba. Gwamnatin mulkin mallaka ta san halin da ake ciki, domin ta ɗauko likita Cunyngham Brown ya zagaya, rahotonsa ya fito a 1938, ta kuma sake ɗauko likita Carothers a tsakiyar shekarun 1950. Rahoto dai an rubuta, kuɗin aiki ne ba a cika son fitarwa ba.

Ma'anar wannan ita ce, wanda kakansa ya ɓace a zamanin En'e, to ba asibiti zai nufa ba. Sai ya tafi ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke nan Kaduna, ya nemi fayilolin sakatariyar Lardunan Arewa da na ofisoshin Razdan, ya duba wasiƙun da suka shafi gidajen yari da lafiya. Amma kada ya tafi da dogon buri. Baturen tarihi Jonathan Sadowsky, wanda ya yi nazarin takardun Yaba da Aro ya fitar da littafi a 1999, ya nuna yadda muryar majinyaci kan zo a tace, ta bakin ɗan sanda da likita da akawu. Abin da hukuma ta rubuta shi ne abin da ya dame ta: nawa aka kashe wajen ciyarwa, wace En'e za ta biya, ɗaki ya cika ko bai cika ba. Sunan uwar mutum bai dame ta ba.

Abubuwa biyu ne suka sauya lamarin a shekarun 1950. Na farko, an gano maganin kwantar da ciwon hauka a Faransa a 1952, wanda ma'aikatan asibiti suka sani da Largactil. Na biyu, likita Adeoye Lambo ya dawo daga Ingila ya fara wani tsari a Aro ta Abekuta a 1954, inda ake saukar da majinyaci a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan uwansa, yana zuwa asibiti da rana yana komawa cikin jama'a da dare. Abin lura gare mu a nan shi ne sharaɗin nan na ɗan uwa. Lambo ya gane cewa wanda aka raba da danginsa an ƙara masa ciwo a kan ciwo. Daga wannan zamani ne aka fara sallamar mutane suna komawa gida da ƙwayoyi a aljihu, suna dawowa ganin likita da kati. Asibitin da ke Barnawa, maƙwabciyar Makera, ɗan wannan sabon zamani ne. Gwamnatin jiha ce ta kafa shi a tsakiyar shekarun 1970, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a tsakiyar shekarun 1990, ya shiga sahun irinsu na Kware a Sakkwato da na Maiduguri. Ita kuwa dokar Turawa, wadda aka yi wa kwaskwarima a 1958, ta ci gaba da aiki har zuwa farkon 2023 lokacin da Shugaba Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Ke nan fiye da shekara ɗari muna ƙarƙashin tunanin 1916.

Katin da ke hannun ɗan uwanmu na wannan zamani na biyu ne, kuma an cika bayansa da ranakun dawowa, abin da ke nuna cewa ba tsare kakan nasa aka yi ba, zuwa yake yana komawa. Wasu daga cikinmu sun ba shi shawarar ya je ya nemi fayil ɗin. Ya ƙi, kuma muna ganin yana da hujja. Fayil ɗin majinyaci sirri ne tsakaninsa da likitansa, ba a miƙa wa duk wanda ya zo da kati ya ce shi jika ne. Ban da haka ma, ya ce shi ba sunan ciwon yake nema ba, mutumin yake nema. Sai ya sa hoton a aljihu ya shiga Makera da ƙafa.

Wanda ya san Makera ta da, zai ga bambanci. Masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, sauran ma suka bi sahu, ma'aikata da yawa suka mutu suna jiran haƙƙinsu. Rikicin shekarar 2000 da na 2002 kuma ya raba garin gida biyu, Musulmi da yawa suka ƙaura zuwa arewacin kogi, Kiristoci da yawa suka ƙauro kudu. Wato mutanen da suka zauna a gida ɗaya a 1975, yau wani yana Rigasa, wani yana Sabon Tasha, wani ya koma garinsu, da yawa kuma suna ƙasa. Duk wanda zai yi irin wannan bincike ya sani cewa da lokaci yake tsere.

Ya fara da gidan mai unguwa, kamar yadda ya kamata, aka haɗa shi da wani dattijo mai gyaran keke, shi kuma ya tura shi wurin wani tsohon wanzami. Wanzamin bai gane sunan yanka ba, bai gane na masaƙa ba, amma da aka ambaci laƙabin da ke katin asibiti, aka kuma miƙa masa hoton, sai ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Allahu akbar. Yaro, me ka haɗa da shi?" Daga nan bakin zaren ya samu. Ya yi zuwa bakwai ko takwas, ya zauna da mutum biyar, ciki har da wani tsohon ma'aikacin masaƙa Kirista mutumin kudancin Kaduna, wanda ya ce shi da wani abokinsu ne suka ɗauki hayar motar da ta kai shi asibiti ranar da abin ya tsananta.

Akwai darasi a yadda ya tsayar da shekaru, domin babu ɗaya daga cikin dattawan nan da ya ba shi lamba. Tsoho ba ya cewa 1972, sai dai ya ce shekarar da mota ta koma hannun dama. Ba ya cewa 1973, sai ya ce da aka daina fam da sule aka shiga naira. Wanzami ya ce ciwon ya fara ne bayan an ci kuɗin Udoji, kuma bayan an kashe Murtala, wato ba a kafin Fabrairun 1976 ba. Ya ce ya rasu ne a shekarar da soja suka canja launin kuɗi mutane suka yi ta kwana a layin banki, wato 1984. Shi ma rasit ɗin harajin yana da iyakarsa, tunda Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a jihar Kaduna a 1979, lokacin kuwa ƙasar Katsina tana cikin jihar, sai a 1987 aka raba. Marubucin da bai riƙe irin waɗannan ranaku a ka ba, zai zauna gaban tsoho ana ba shi zinariya yana ganin tsakuwa.

Labarin da ya haɗa daga bakunan nan bai zo daidai da juna ba, kuma bai yi ƙoƙarin tilasta musu su daidaita ba. Wani ya ce aikin dare ne da ƙarar injuna suka taɓa shi. Wani ya ce sammu ne aka yi masa saboda an kusa ba shi shugabancin sashe. Wani ya ce gamo ya yi a bakin kogi. Abin da suka haɗu a kai shi ne, ya daina barci, ya fara magana shi kaɗai, ya bar zuwa aiki. An kai shi gida an yi na malamai, ba a dace ba, ya gudo ya dawo Makera, daga nan aka kai shi asibiti. Ya sami sauƙi, har yana zuwa karɓar magani da kansa. Amma kafin nan iyayen matarsa sun riga sun ɗauke ta da jaririyarta, an je gaban alƙali an raba auren.

Kada mu yi saurin la'antar mutanen nan. Malaman Malikiyya sun lissafa hauka da kuturta da albaras cikin aibobin da ke ba miji ko mata zaɓin rabuwa, tare da jinkirin shekara guda ko za a sami waraka, saboda haka abin da suka yi bai fita daga shari'a ba. Wannan ma wata ƙofa ce ga mai bincike, domin kotunan alƙalai suna da littattafan shari'a, kuma a can akan sami sunan uba da na waliyyi da na shaidu. Abin da shari'a ba ta ce a yi ba shi ne a kashe mutum da baki yana raye. Wannan aikin al'ada ne, kuma dalilinsa sananne ne ga kowa. Idan aka zo neman aure a ƙasar Hausa akan yi binciken asali, kuma tambayoyin da ake yi a ɓoye ba su wuce uku ba: akwai bauta, akwai kuturta, akwai hauka? Kakar ɗan uwanmu ta auna, ta ga cewa 'yar marayu tana samun miji, 'yar mahaukaci kuwa sai an sha wuya. Ta zaɓa wa 'yarta maraici. Amma kuma ba ta ƙona takardun ba, ta ajiye su fiye da shekara arba'in a inda ta san za a gani ranar da ba ta nan. Ta wace hanya katin asibitin ya iso hannunta, bayan an raba auren, wannan ya bi ta kabari.

Shekarun da suka fi ba mu sha'awa su ne bakwai ko takwas ɗin nan na ƙarshe, waɗanda babu takardar da ta rubuta su. Mutumin bai koma masaƙa ba. Ya kafa teburin rake da goro a kusa da ƙofar da ma'aikata ke fitowa, tsofaffin abokan aikinsa suna saye don su taimaka masa ba tare da sun ba shi sadaka ba. Shi ne mai cika randunan masallacin unguwa kafin asuba. In ciwon ya motsa, yakan rufe kansa a ɗaki kwana biyu ko uku, maƙwabta su tura masa abinci, in ya wuce haka su raka shi asibiti. Wanzamin ya ce bai taɓa karɓar kuɗin aski a hannunsa ba, shi kuma bai taɓa barin wanzamin ya tafi ba tare da ƙwaryar goro ba. Zazzaɓi ne ya kashe shi, ba hauka ba. Mutanen unguwa ne suka yi masa sutura, kuma babu wanda ya san inda za a aika da saƙon rasuwa, domin sunan garin da ke katin masaƙa ba nan ne ƙauyensu ba.

Mun tsaya a kan wannan ne domin hoton da muka saba zanawa a littattafanmu, na mai tsumma a kan juji, shi ne kaɗan daga cikin masu wannan lalura. Mafi yawansu irin wannan bawan Allah ne, suna cikinmu, suna saye da sayarwa, suna jin abin da ake faɗa a kansu. Kuma turu bai zama tarihi ba tukuna. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutane kimanin ɗari uku daga wani gida a Rigasa, wasunsu da mari a ƙafa, kuma da yawansu danginsu ne suka kai su da hannunsu.

Da ɗan uwanmu ya gama, sai ya tafi wurin mahaifiyarsa da hoton. Ya ce ta karɓa ta juya masa baya, ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta tambaye shi ko an nuna masa kabarin. Ya ce an nuna masa maƙabartar, amma babu mai iya tuna wurin. Ta ce ya kai wa wanzamin turmin shadda da goro, ya ce daga 'yar marigayi. Sannan ta ce masa, "Na san halinka, rubutawa za ka yi. Ban hana ka ba. Amma kada sunansa ko na garinmu ya fita sai ƙanwarka ta shiga ɗakinta."

Ya kawo mana wannan magana a zama na gaba, kuma ba mu haɗu a kan ra'ayi ɗaya ba. Wasu suka ce bin wannan sharaɗi maimaita abin da kakar ta yi ne, an sake binne mutumin karo na biyu. Wasu suka ce marubuci ba shi da ikon sayen gaskiyarsa da auren ƙanwarsa, tunda ba shi zai zauna a gidan miji ana yi masa gori ba. Shi dai ya bi maganar mahaifiyarsa. Rubutun yana nan ya kai shafi sittin, da sunayen duka uku a cikinsa, a cikin adakar da aka sami takardun. An sa ranar bikin ƙanwar tasa bayan babbar salla.